Bin Sawun Ciwon Hindatu Har Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A teburin mai shayi tambaya, a bakin masallaci tambaya. Wanda ya kawo injin niƙansa gyara ma sai ya ja benci ya zauna, wai "Haladu, yaya Faransa?" Mutanen da na yi ta jinyar matata ba su leƙo ba, yau su ne ke son jin ko na ci kilishi. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in yi aikina. A aji uku na sakandare na tsaya, wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Matata Hindatu, Allah ya jiƙanta, sankarar mama ce ta kashe ta, ko arba'in ba ta cika ba. Ta bar mini 'yar fari, wadda a al'ada bai kamata in kama sunanta ba, amma biro bai san kunya ba: Nafisa. Tana koyarwa a firamare a Ajingi, tana zaune wajen ƙanwata. Wani yaro mai sayar da taki da maganin feshi, Kabiru, ɗan Toranke, ya fito nemanta. Tana sonsa, yana sonta, an kai gaisuwa, saura sa rana. Sai uwarsa, Hajiya Talle, ta je wani biki aka sanar da ita abin da ya kashe Hindatu. Shi ke nan. Ta ce irin wannan ciwo a nono ake shansa, yarinya ta sha, ita ma za ta shayar wa jikokinta. Aka aiko mini wai a dakata da sa rana sai bayan kaka. Duk wanda ya girma a ƙasar Gaya ya san ma'anar "sai bayan kaka".

Nafisa ba ta yi kuka a gabana ba. Mota ta shiga ta tafi asibiti Kano ita kaɗai. Likita ta duba ta, ba ta ga komai ba, amma ta ce a bincika dangin uwar: ko akwai wasu da suka yi ciwon, da shekarunsu lokacin da ya kama su, kuma ta wane ɓangare. Dangin Hindatu kuwa suna Damagaram. Riƙo ne ya kawo ta Ajingi tun tana ƙarama, wadda ta riƙe ta kuma ta daɗe a ƙasa.

"Baba, kai za ka je," in ji Nafisa. "Ni ba za a ba ni hutu ba."

"A kira su a waya mana."

"Wa zai gaya maka ciwon mace a waya? Kuma don Allah, Baba, tambaya za ka je yi. Ba faɗa ba."

"Yaushe na taɓa faɗa da mutane?"

Ta dube ni kawai. Kallon uwarta sak.

Ni a raina ba bincike zan je yi ba. Shaida zan je ɗaukowa in watsa wa Hajiya Talle a fuska.

Daga Gaya zuwa Kano ba labari, kun san hanyar Wudil, kun san ramukanta da sunayensu. A Kano na shiga motar Damagaram. Na biya kuɗin gidan gaba don in miƙe ƙafa, sai ga direba ya cuso mini wani ƙaton mutum mai rawani, da jakar fata a cinya, yana warin turaren wuta. Kafin mu wuce Kazaure rabin jikina ya mutu. Ya tambaye ni mutumin ina ne, na ce Gaya, ƙasar Kano. Sai ya waiga baya ya ɗaga murya:

"Jama'a, kowa ya dafe aljihunsa, akwai Bakano cikin mota!"

Aka kwashe da dariya. Na ce masa aljihun Badamagare ko an buɗe ba abin da ke ciki sai yashi da goron jiya. Daga nan muka zama abokai. Ya ba ni wani abu fari, fale-fale kamar kwali, ya ce cuku ne, nonon da aka busar. Na gatsa da ƙarfi don kada ya raina ni. Haƙorina na gefe da ya daɗe yana girgiɗi ya ce shi a Daura zai sauka. Na tofa shi ta taga, mutumin ya yi masa addu'a.

A bakin iyaka aka sauke mu duka. Wani jandarma siriri, kakinsa a goge kamar ranar aurensa, ya karɓi katina. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Wannan ɗanka ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mi ya same ka?"

Na ce, "Nijeriya." Ya miƙo mini katin bai ƙara magana ba.

Abin da na fara lura da shi a can, mota tana tsayawa in an ce ta tsaya. Ba gardama, ba "ka san ko ni wane ne". Na biyu, burodinsu. Dogo ne kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafe yana gaisawa da jama'a, kuma a haka za a yanka a ba baƙo. Da rana tsaka kuwa gari yakan mutu, kowa ya rufe ya je ya kwanta, har masu ofis. Mu da muke aiki cikin rana kamar jakuna, ban ga abin da muka fi su da shi ba sai hawan jini.

Gidan su Hindatu yana cikin tsohon gari, tsakanin wasu duwatsu manya-manya da aka ɗora wani kan wani kamar an ajiye za a dawo. Sau ɗaya na taɓa zuwa, ranar sunan Nafisa, don a gida Hindatu ta haihu, kuma a ranar ban ga komai ba sai rago. Wanta, Malam Isufu, shi ne mai gidan yanzu. Ya sauke ni a ɗakin zaure tare da buhunan gero da wani tsohon keken ɗinki. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka wadda man shanu ke iyo a kanta, aka kawo shayi a ɗan kofin da bai fi makurɓa biyu ba. Na shanye na miƙe, aka ce in zauna, saura biyu. A ƙasar nan shayi ma sai ya ɓata wa mutum yini.

Washegari na fara aikin da ya kawo ni. Na tambayi Malam Isufu cikin dattawan ƙofar gida, me ya kashe kakarsu?

"Ajali."

'Yan'uwan babansu mata fa?

"Kwana ne ya ƙare."

"Malam, na san kwana ne ya ƙare. Kowa ma kwanansa ne ke ƙarewa. Me ya ƙarar da shi nake tambaya."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi." Wani ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Malam Isufu ya ce shi bai taɓa tambayar mace abin da ke ƙarƙashin zanenta ba, ko tana raye, balle ta mutu. A nan dai ba su bambanta da mu ba. Namiji zai gaya maka ranar da goɗiyar kakansa ta yi ɓari, amma bai san ciwon da ya kashe uwarsa ba.

Wadda ta cece ni ita ce Mariyama, ƙanwar Hindatu. Akwai wasa tsakaninmu tun zuwana sunan Nafisa, tana yarinya. Tana sayar da atamfa a cikin gida. Ta leƙo zaure ta ce:

"Mijin yaya, an ce ka kori tsofaffin unguwa. Shigo ciki kahin su haɗo maka sammu. Kai, ina haƙorinka? Ko Kanawa sun fara jinginar da shi?"

"Cukunku ne."

"Madalla. Ko banza mun rama wani abu."

Na zauna a tsakar gida na zayyana mata komai, da Kabiru da Hajiya Talle da maganar shan ciwo a nono. Tana auna yadi tana saurare. Da na gama sai ta ajiye almakashi ta yi dariya har da riƙe ciki.

"In dai nono ne, ai Nafisa ba ta sha na Yaya ba."

"Kamar yaya?"

"Kai wane irin uba ne? Bayan suna zazzaɓi ya kwantar da Yaya, nono ya ƙafe. Tsohuwa Tamu ce ta shayar da ita, Buzuwar bayan gidan nan, har ta fara cin tuwo. Mi kake tsammani ya sa suka daɗe ba su koma ba?"

Ina zan sani? 'Yar fari ce. A lokacin ko an miƙo mini ita sai in kau da kai in ce ina sauri. Kunyar da aka koya mana ke nan, mutum ya yi shekaru bai san abin da ya raya ɗansa ba, kuma a yaba masa.

Aka kai ni wajen Tamu. Tsohuwa ce baƙa wuluk da shuni, ta bushe kamar kilishi, tana zaune tana tauna taba, jikoki da tattaɓa kunne sun cika gidan. Na tambaye ta ko ta taɓa ciwon nono. Ta ce ita ko ciwon kai ba ta sani ba, sai dai ta sa wa wani. Na ciro waya na ce ta faɗa da bakinta. Ta gyara lulluɓi kamar hoto za a ɗauka, ta rantse da Allah ita ta shayar da Nafisa, ta lissafa 'ya'yan da ta shayar duk suna raye, ta ƙara da cewa duk matar da ta ƙi jinin nononta ta zo ta same ta. Na adana muryar. Na fito ina jin kamar in taka rawa a titi. Har na fara shirya fuskar da zan yi a Toranke.

Da muka koma gida na ce wa Mariyama gobe zan kama hanya. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta kori yaran da ke tsakar gida, ta ce:

"Kai ka samu abin da ka zo nema. Ita Nafisa mi ta aiko ka tambaya?"



Ta sa hannu cikin rigarta ta ɓangaren hagu, ta ciro wani dunƙulen tsumma da aka ɗinke shi da kyau, ta ajiye a kan atamfa tsakanina da ita. Rigar ta faɗa ta kwanta a ƙirjinta.

"Bara waccan aka cire. Ban bari an gaya muku ba."

Ban san inda zan sa idona ba. Na dubi tsumman, na dubi bango, na dubi akuya.

Ta ce dangin uwarsu ƙalau suke, tsufa ke kashe su. Amma ƙannen babansu mata biyu, ɗaya nono ne ya ruɓe ta mutu da goyo, aka ce kishiya ce ta yi mata jifa alhali ko kishiyar ba ta da ita. Ɗayar cikinta ne ya kumbura, ita ma ba ta tsufa ba. Sai Hindatu. Sai ita.

"Lokotoron asibiti ya ce ta wajen Baba abin ya biyo."

"Wane irin zance ne wannan? Babanku namiji ne. Da me ya shayar da ku? Kuma ai da tsufansa ya mutu, yana cin nama."

"Ni ma haka na ce."

"To ƙarya ne."

"Mijin yaya, tsumman nan ma ƙarya ne?"

Nafisa ta ce kada in yi faɗa, saboda haka na tashi na fita. Rana tana tsakiyar ka, gari ya mutu, ni kaɗai nake tafe ina zage-zage, ban san ma wa nake zagi ba. Na kama hawan duwatsun nan don kada in haɗu da kowa. Ban yi nisa ba na ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Hannun hagu ya yi nauyi, gumi ya karyo. Na zauna a kan dutse mai zafi kamar tanda na ce, shi ke nan Haladu, za ka mutu a ƙasar mutane da giɓi a baki, a ce ajali.

Mariyama ce ta biyo ni, don ta san Bakano ba ya iya hawan komai sai farashi, in ji ta. Ta tsayar da mai babur, su kabu-kabu suke cewa, aka sa ni a tsakiya kamar buhun gawayi sai wani ɗan asibiti.

Likitan, wato lokotoro, saurayi ne mai tabarau, Hausarsa da ɗan gishirin Faransanci. Ya sa mini ƙwaya ƙarƙashin harshe, aka manna mini wayoyi a ƙirji, inji ya yi ta zana layi. Da nauyin ya sauka ya ce zuciyar ba ta lalace ba tukuna, gargaɗi ta yi. Sai ya matso da fitila ya ƙura wa idona ido.

"Tun yaushe kake da wannan?"

Yana nufin ɗan tabon nan rawaya-rawaya da ke fatar idona ta wajen hanci. Duk wanda ya san gidanmu na gado a ƙauyen Balan ya san shi. Na gyara kwanciya na gaya masa cikin alfahari cewa tabon karatu ne. Mu gidan malamai ne, kakanninmu sun yi ta karatun allo a hasken wutar kara har ya zauna mana a ido. Da shi ake gane ɗan gidan.

"Kai ma malami ne?"

"Injin niƙa nake gyarawa." Ko izu biyar ban kai ba, amma ban ga dalilin gaya masa ba.

"Mahaifinka yana da shi? Yana raye?"

Na ce yana da shi, ya rasu yana alwala, bai kai hamsin ba. Wana Sale ma yana da shi, a kan kunya ya faɗi yana huɗa. Mutane suka ce mutuwar salihai, ba jinya ba wahalar da kowa.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi ba zai yi gardama da salihancinsu ba, amma tabon nan sau da yawa kitse ne. Ya ce tunda ni makanike ne, in ɗauka inji biyu ne daga kamfani ɗaya, amma ɗaya an sa masa filtar da ba ta tace mai sosai. Ko man kirki ka zuba, datti zai taru ya toshe bututu da wuri. Hanta ce ke tace wani irin kitse daga jini, kuma a wasu gidaje ana haihuwar mutum da ɗan bambanci a ƙwayoyin halittarsa, tacewar ta yi rauni. Kitsen ya taru a jijiyoyin zuciya tun mutum yana saurayi, ko siriri ne kamar ni. Ya ce sai an auna jini za a tabbatar, amma in haka ne akwai maganin da ke saukar da shi, kuma duk 'ya'yan gidan ya kamata a auna su, don kowane ɗa ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, rabi da rabi.

Wato abin da muka yi shekaru muna nuna wa mutane a matsayin albarka, maiƙo ne.

Tunda na riga na sha kunya, na ce bari in ƙarasa. Na tambaye shi maganar nono, Mariyama tana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce ba a shan sankara a nono, ko kaɗan. Yawancin matan da ke yin ta ma ba gadonta suka yi ba. Amma in ka ga mata da yawa a jini ɗaya, tun da ƙuruciya, har da na ƙwan mahaifa, to ana zargin gado. Shi kuma gadon ba ruwansa da wa ya shayar da wa. Rabin halittar mutum daga uwa, rabi daga uba, namiji yana iya ɗauke da abin ya mutu da tsufansa bai sani ba, ya miƙa wa 'ya'yansa mata. Wani lokacin ma shi namijin yakan yi ciwon.

"To 'yata ta gada ke nan?"

"Ban sani ba. Wataƙila ta ɗauko, wataƙila ba ta ɗauko ba. Ko ta ɗauko ba dole ta yi ciwon ba, haɗarin ne ya fi na sauran mata. Akwai awon da ke nunawa, ba ko'ina ake yinsa ba, kuma an fi so a fara da wadda ta riga ta yi ciwon." Ya nuna Mariyama da haɓa. "Abin da ke hannunku shi ne a riƙa duba ta da wuri, a kai a kai. Wannan da ta zo da wuri, ga ta nan tsaye tana harararka."

Hindatu ba ta je da wuri ba. Wata shida muna shafa mata abin da masu magani suka ba mu. Wannan kowa a unguwarmu ya sani, har da waɗanda suka kawo maganin.

Da zan taho, Mariyama ta cusa mini turmin atamfa na Nafisa da ƙullin kilishi. Sai ta fizge kilishin ta ce lokotoro ya hana. Ta ce in gaya wa Nafisa in ta samu inda ake awon, ita a shirye take a ɗebi jininta, ko bokiti ne.

Hanyar dawowa ban yi wasa da kowa ba. Lissafi nake. A aljihuna ga muryar Tamu, wadda ita kaɗai ta isa ta sa Hajiya Talle ta kawo goron sa rana da gudu. A cikina kuma ga abin da na gani a kan atamfa. Kafin mu shigo Kano na gama yanke shawara: a kunna muryar, a yi shiru da sauran. Ai ba ƙarya muka yi ba. Ita ta ce nono, mun kawo mata nono.

Ban tsaya Gaya ba, na zarce Ajingi. Ranar kasuwa ce, na samu Nafisa ta taso daga makaranta da alli a hannun riga. Muka zauna a zauren ƙanwata na gaya mata duka, ban rage ba, har da maiƙon idona. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan na kawo shawarata.

"Baba, Hajiya zan aura?"

"Ita ce ta tsayar da maganar."

"In na yi shiru, duk lokacin da zan je a duba ni sai in ce wa Kabiru ina zan je? Kitso? In kuma wata rana aka ga wani abu, ya gane mun sani tun farko fa?"

"In kika gaya masa zai gudu. Maza nake gaya miki. Na san su, ni ma ɗaya ne."

"Kai ka gudu?"

"Ni ban san komai ba lokacin da na aure ta."

"To shi zai sani."

Na ce mata taurin kai ne, na ce shekarunta sun ja, na ce mazan yanzu ko tari mace ta yi sai su sake shawara. Ta bar ni na gama, ta kawo mini ruwa, ta kira Kabiru a waya a gabana ta ce ya zo da yamma akwai magana.

Ya zo, ta gaya masa. Ya tafi. Aka shiga kwanaki ba kira ba saƙo. Ƙanwata ta ce Nafisa tana zuwa makaranta tana dawowa, abinci dai sai a hankali. Ni kuwa na je Kano aka auna jinin, ya fito yadda lokotoro ya zata. Aka ɗora ni a kan ƙwaya, aka raba ni da tsire da man shanu da duk wani abin da ke sa rayuwa ta yi ma'ana. An auna kitsen jinin Nafisa, nata ƙalau. Na je Balan na gaya wa 'ya'yan Sale su je a auna su, wani baffanmu ya ce na je ƙasar Faransa na dawo ina zagin kakanni. Biyu dai sun je.

Ina shago wata safiya na kwance wani inji, hannuna duk baƙin mai, sai ga babur ya tsaya. Kabiru ne. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina ci gaba da aikina, don na riga na haɗa maganganun da zan gaya masa, kuma babu mai daɗi a ciki.

"Baba, na ji tsoro," ya ce.

"Na gani."

"Har yanzu ma ina ji. Na je Kano wajen likitar da ta duba ta, na yi tambayoyi har ta gaji da ni. Ta ce ba wanda zai ba ni tabbas."

"To me ya kawo ka? Ta'aziyya?"

"Na duba ne na ga duk wadda zan aura ban san abin da ke jininta ba. Ni kaina ban san nawa ba. Wannan aƙalla mun san inda za mu sa ido." Ya share gumi. "In an sa rana, zan riƙa kai ta da kaina."

Na ajiye sifana. 

"Hajiya fa?" na ce.

Ya sosa ƙeya. "Na gwada yi mata bayanin ƙwayoyin halitta. Ta ce ita ba ta san wata ƙwaya ba sai ta gero." Ya ciro wayarsa ya miƙo. "Baba, a turo mini muryar tsohuwar nan."

Na ce ashe dai kai ma Bakano ne.

An sa rana. Hajiya Talle ta saurari Tamu har sau uku, ta ce ita dama tun farko ta ga yarinyar ba ta yi kama da mai ciwo ba, ta ba da turmin zane a kai wa Buzuwa. Nafisa ta ce bayan biki ita da kanta za ta zaunar da ita ta gaya mata sauran, ko ta fahimta ko kada ta fahimta. Na ce ta bari sai an ci an sha an wanke tukwane.

Ko Nafisa ta gaji ciwon uwarta ko ba ta gada ba, har yau ba mu sani ba, kuma kada wanda ya sake tare ni a hanya da wannan tambaya. Masu son sanin ko akwai kyawawan mata a Damagaram, akwai, ku je ku gani, mota tana tashi kullum. Wanda kuma ya karanta wannan ya ga ya dace ya hau babur ya kai wa Hajiya Talle labari kafin ranar ɗaurin aure, ya tuna injin niƙan gidansu a hannuna yake.